Wasiƙar Godiya ga Hukumar Kula da Hanyoyi ta Ƙasar Aisland

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Vegagerðin, wato hukumar hanyoyi ta Aisland,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode muku bisa hidimar da kuka yi mana ba tare da kun san mu ba, lokacin da ni da maiɗakina da 'ya'yanmu biyu muka ɗauki hayar mota a Keflavik, inda babban filin jirgin saman ƙasar yake, a farkon watan Satumba, muka bi Hanya mai Lamba 1 wadda ta yi wa tsibirinku ƙawanya, tsawon kilomita fiye da 1,300. Na rubuta ta da Hausa domin 'yan'uwana masu sha'awar irin wannan tafiya su san inda za su nemi labarin hanya tun kafin su tayar da mota.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru da safiyar kwana na uku a garin Vik. Niyyarmu mu kai garin Höfn a ranar, tafiyar kusan kilomita 270, kuma gari ya waye tangaran babu ko ɗigon ruwa. Da na buɗe taswirarku ta umferdin.is sai na ga an nuna iska mai ƙarfi a gindin dutsen ƙanƙara na Öræfajökull, hukumar yanayi kuma ta fitar da gargaɗi mai launin rawaya. Ba zan ɓoye ba, da farko na raina adadin da na gani, domin lamba 20 ba ta tayar wa direban da ya saba da lissafin kilomita hankali. Maiɗakina ce ta lura cewa a ƙasarku ana auna iska da mita a daƙiƙa ne, wato mita 20 a daƙiƙa daidai suke da kilomita 72 a sa'a, kuma bugun da ke zuwa ba zato ya kan zarce haka nesa ba kusa ba. Na kira lambarku ta 1777, aka yi mini bayani da Turanci cikin natsuwa, ba a tsorata ni ba kuma ba a rage mini komai ba. Muka sauke kayanmu, muka ƙara kwana.

Washegari da muka ratsa filin baƙin yashi na Skeiðarársandur na fahimci abin da muka tsallake. Fili ne fetal iya ganin ido, babu bishiya ko gini da za a laɓe, kuma idan iska ta kwashi wannan yashi tana iya goge fentin mota ta dusashe gilashinta. Shi ya sa kamfanonin haya ke sayar da inshorar yashi da toka daban da ta tsakuwa, kuma a ganina wanda zai bi kudancin ƙasar bai kamata ya yi ƙyashin biyan su ba. Allunanku na lantarki da ke gefen hanya, masu nuna sanyi da ƙarfin iska a daidai wannan lokaci, sun zame mana abokan tafiya, har ƙaramin ɗanmu ya mai da karanta su aikinsa. Sakaci ɗaya da na yi nawa ne ni kaɗai: a bakin tafkin Jökulsárlón na buɗe ƙofar mota da hannu ɗaya, iska ta fizge ta, da kyar na riƙo ta kafin ta lanƙwasa. Tun daga nan nake ajiye mota da goshinta yana fuskantar iska, kowa kuma ya riƙe ƙofa da hannu biyu, domin inshora da yawa ba sa biyan irin wannan ɓarna.

Ina kuma yaba muku kan alamomin hanya. Baƙo ya haddace kalmomi uku kafin ya bar Reykjavik, babban birnin ƙasar: Einbreið brú gada ce mai ɗaukar mota ɗaya, wanda ya fi kusa da ita shi ke fara wucewa, Malbik endar na nufin kwalta ta ƙare, tsakuwa ta soma, sai a sassauta gudu tun kafin taya ta taka ta, Blindhæð kuwa tudu ne da ba a ganin mai tahowa ta bayansa. Iyakar gudu kilomita 90 ce a sa'a a kan kwalta, 80 a kan tsakuwa, 50 a cikin gari, fitilun mota kuma a kunne dare da rana. Tumaki na kiwo sake har zuwa lokacin tattara su a Satumba, kuma duk wanda ya taɓa tuƙi a karkara ya san cewa idan uwa na wannan gefe ɗanta na wancan, to ɗan zai tsallako.

Hanyoyin tsaunuka masu harafin F ba mu taɓa su ba, domin na motoci masu jan ƙafa huɗu ne, ana buɗe su a lokacin zafi kawai, sauka daga kan hanya da mota kuwa laifi ne mai tara. Man fetur ba ma barinsa ya gaza rabin tanki, musamman tsakanin garin Egilsstaðir da tafkin Mývatn inda gidajen mai ke da nisa da juna, kuma famfunan da yawa babu ma'aikaci, sai katin banki mai lambar sirri. Ramin Vaðlaheiði, hanyar da aka haƙa ta cikin dutse kusa da garin Akureyri, ana biyan kuɗin wucewa amma ba shi da rumfar karɓar kuɗi, ta intanet muka biya.

Ina roƙon ku isar da gaisuwarmu ga masu amsa waya da masu gyaran hanya da muka riƙa wucewa suna aiki cikin ruwa da iska. Mun mayar da motar Keflavik bayan kwana goma ba tare da ko ƙwarzane ba.

Naku cikin girmamawa,
Wani matafiyi Bahaushe da iyalinsa