Godiya ga Sashen Gashi na Asibitin Ƙashi na Dala

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in yi godiya a bainar jama'a ga ma'aikatan sashen gashi, wato masu motsa gaɓoɓi don dawo da ƙarfin jiki, na Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, waɗanda suka kula da ni bayan tiyatar da aka yi mini a gwiwar dama. A filin ƙwallo jijiyar tsakiyar gwiwata ta tsinke, wadda likitoci ke kira ACL, mai hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Irin wannan tsinkewar galibi ba ɗinki ake yi ba, wata ake dasawa. Tawa daga bayan cinyata aka ciro, jijiyoyi 2, aka ninka su suka zama 4, aka huda ƙashi aka zura.

Ni wurin da aka ciro ɗin ne ya fi damuna. Wani abokina ya ce in kwantar da hankalina, ai tana sake tofowa kamar wutsiyar ƙadangare. Da na kai maganar wajenku, ba ku ƙaryata shi ba, amma kun cike mini abin da ya bari. Kun ce a jikin yawancin mutane tana tofowa, hoton MRI ma yana nunawa, sai dai sau da yawa takan manne a sama da mazauninta na asali, tsokar kuma takan motse ta rage kauri. Saboda haka tofowar jijiya daban, dawowar ƙarfi daban. Wannan gaskiyar ce babban abin da nake gode muku.

Kun kuma nuna mini a jikina. Kuka sa na kwanta rub da ciki, kuka ce in jawo diddige zuwa baya. Da farko lafiya lau, amma da gwiwar ta lanƙwashe sosai sai ƙafar ta kama rawa, ta tsaya cak, alhali ta hagu ta wuce ba wahala. Baiwar Allah da ke duba ni ta ce, "Malam, nan aikinmu yake." A makonnin farko an hana ni matsa wa bayan cinyar, daga baya aka shiga jan roba, da ɗaga ƙugu a kwance, sai can gaba aka kai ga wanda ake durƙusawa a riƙe maka idon sawu ka sulalo gaba a hankali. Wannan kam ba ya jin magiya.

Ba ku manta da sallah ba. Ku kuka tsara mini yadda zan bar kujera in koma sujada da zaman tahiya daki-daki, ba tare da na yi wa gwiwar dole ba.

Ƙwallo kuwa kun ce kada in yi mafarkinta kafin wata 9, kuma sai ƙarfin ƙafar ya kai kashi 90 cikin 100 na ɗayar. Na ji haushi a lokacin, samarin unguwa ma har tsiya suke yi mini. Yanzu ina gudu, ina hawa bene, awon ƙarshe kawai nake jira.

Ga cunkoson marasa lafiya, amma ban taɓa ganin an sallame ni a gurguje ba. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa asibitin kayan aiki.

Naku,
Wani ɗan ƙwallon unguwa, Kano