Sunan golan nan Kelleher "Kwibin" ake cewa, don Allah a gyara

Malam Edita, assalamu alaikum. Ya aiki, ya jama'ar gidan rediyo? A miƙa min gaisuwa wajen 'yan sashen wasanni, muna sauraron shirinsu na yamma kullum a majalisarmu kuma muna ƙaruwa, Allah ya ƙara basira.

Ƙorafi na kawo, ɗan ƙarami ne amma ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Maganar sunan tsohon golan Liverpool ce wanda ya koma Brentford a 2025, wato Caoimhín Kelleher. Masu gabatar da shirinku kowa da yadda yake kiransa, wani ya ce Kawomin, wani ya ce Kayomhin, akwai ma wanda da zarar ya hango sunan a takarda za ka ji ya ɗan yi tari sai ya tsallake ya ce "gola Kelleher" abinsa. Gaskiya ban ga laifinsu sosai ba, duk wanda ya ga wannan tarin haruffan dole ya tsorata, su kansu Turawan Ingila masu sharhin wasa sun sha fama da shi kafin bakinsu ya saba. Amma yaron nan fa ba ƙaramin mutum ba ne da za a ce har yau ba a san sunansa ba. Shi ne ya tashi daga raga ya buga fenariti na 11 a wasan ƙarshe na kofin Carabao a Fabrairun 2022, ya ci, Kepa na Chelsea ya zo ya ɗaga tashi sama aka tashi 11 da 10. Shi ne kuma ya tare fenaritin Mbappe a Anfield a Nuwamban 2024 ranar da Liverpool ta ba Real Madrid 2 da nema, 'yan Madrid na unguwarmu ranar ko shayi ba su tsaya sha ba.

Yadda ake faɗa shi ne Kwibin, a ja "kwi" ɗin a ja "bin" ɗin. A bakin masu sunan harafin tsakiya irin "v" ɗin nan ne na Turawa, mu kuma da ma "b" muke mayar da shi, to ba matsala. A arewacin ƙasarsu Kibin suke cewa, amma shi ɗan Cork ne can kudancin Ayalan, kuma Kwibin ake kiransa. Rubutun ne kawai yake ruɗa mutane saboda ba Turanci ba ne, harshen Ayirish ne mai nasa ƙa'idojin, a wajensu in "m" ta haɗu da "h" sautin "v" suke bayarwa, "aoi" kuma dogon "i" ne. Shi ke nan fa, babu wani tsafi a ciki.

Abin da zai ba masu sauraro mamaki shi ne wannan baƙon sunan da Kevin abu ɗaya ne. Eh, Kevin ɗin De Bruyne, Kevin ɗin Boateng na Ghana. Caoimhín ne na asali, Kevin kuwa yadda kunnen Bature ɗan Ingila ya ji ne ya rubuta da nasa haruffan, kamar dai yadda Sakkwato ta koma Sokoto a takardun gwamnati har ta kai yara da yawa sun ɗauka shi ne ainihin sunan garin.

Ayirish yana cikin dangin harsunan Keltik, waɗanda ake yi a yankin tun kafin a san za a yi wani harshe wai shi Turanci. Guda 6 ne suka rage: Ayirish, Gelik na Sikotilan, na tsibirin Man, Welsh, na Cornwall, sai Breton da ake yi a arewa maso yammacin Faransa. A tsohon rubutu sunan Cóemgen ne, ma'anarsa wanda aka haifa kyakkyawa ko mai taushin hali. Wanda ya fito da shi duniya ta sani wani waliyyin Kirista ne da ya kafa gidan ibada a Glendalough, wani kwari mai tafkuna biyu a gundumar Wicklow kudu da Dublin, ya rasu a shekarar 618, har gobe ana tunawa da shi duk ranar 3 ga Yuni kuma masu yawon buɗe ido na tururuwa wajen don ganin doguwar hasumiyar dutsen da ke tsaye a can. Suna da almara a kansa mai daɗi, wai yana cikin addu'a ya miƙa hannu ta taga sai wata baƙar tsuntsuwa ta sauka a tafin hannunsa ta yi sheƙa ta saka ƙwai, shi kuma don tausayi bai janye hannun ba har sai da ta ƙyanƙyashe 'ya'yan suka tashi. Almara ce dai, har cewa suke ya shekara 120 a duniya, amma ka ga irin halin da suke jingina wa sunan.

To me ya sa na asalin ya zama baƙo, kwafin ya cika duniya? Mulki ne ya jawo. Ingila ta daɗe tana riƙe da Ayalan, makarantun gwamnati da aka buɗe daga 1831 da Turanci suke karantarwa, mai rajistar haihuwa da Turanci yake rubutawa, in kana son aiki sai da Turanci. Sannan ga babbar yunwar nan ta 1845 zuwa 1852 lokacin da cuta ta cinye dankalin Turawa, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu sama da miliyan suka tsallaka teku, kuma yankunan talakawa masu jin Ayirish ɗin su abin ya fi yi wa ɓarna. Uwa da ta san ɗanta Amurka ko Liverpool zai tafi ci-rani ai ba za ta ɗora masa sunan da ba mai iya rubutawa ba. Sai a 1893 aka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge don farfaɗo da harshen, kuma har yanzu tafiyar ba ta yi nisa ba, a ƙidayar 2022 mutum wajen miliyan 1.9 ne suka ce suna jin Ayirish amma waɗanda ke yin sa kullum a wajen makaranta ba su wuce dubu 72 ba.

Shi kansa Kevin ɗin ba a cika sa wa yara shi ba kafin ƙarni na 20. Abin da ya ƙara masa daraja a gida shi ne Kevin Barry, ɗalibin likitanci ɗan shekara 18 da Turawan Ingila suka rataye a kurkukun Mountjoy ranar 1 ga Nuwamban 1920 lokacin yaƙin neman 'yanci. Daga nan sunan ya bi 'yan ci-rani ya bazu a Amurka da Ingila, a shekarun 1950 da 1960 ya zama ruwan dare, zamanin da aka haifi Kevin Keegan da Kevin Costner ke nan.

Inda labarin ya fi ba ni dariya shi ne Faransa da Jamus, ƙasashen da ba abin da ya haɗa su da waliyyin Glendalough. Keegan ya je Hamburg a 1977 ya ci Ballon d'Or sau biyu a jere, 1978 da 1979, Jamusawa suka fara jin daɗin sunan. Sai ga fim ɗin Home Alone a 1990 da ɗan yaron nan mai wayo Kevin da aka manta shi a gida, ga kuma Costner yana tashe ya kwashi Oscar a 1991, ai sai iyaye suka rufta. A Faransa kaɗai a 1991 jarirai wajen dubu 14 aka sa wa Kevin, ya zama na ɗaya a ƙasar. Duba shekarar haihuwar De Bruyne a Beljiyam, 1991 ce cif, Kevin Trapp golan Jamus 1990, Kevin Volland 1992. Ban ce iyayensu fim suka kalla ba, amma dai a tsakiyar guguwar aka haife su.

Kuma ba a daɗe ba abin ya juye musu. Da yake yawanci talakawa da ma'aikatan ƙarfi ne suka rungumi sunan, sai masu ilimi da masu kuɗi suka mayar da shi abin ba'a, wai sunan 'yan kallon talabijin ne marasa tarbiyya. Jamusawa har kalma suka ƙirƙiro, Kevinismus. A 2009 an yi wani bincike a jami'ar Oldenburg kan malaman firamare aka ga da yawansu tun kafin su ga yaro, da sun ga Kevin a rajista sun yanke masa hukuncin fitinanne ne, wani daga cikinsu ma ya rubuta cewa Kevin ba suna ba ne, sunan cuta ne da likita ke ganowa. Wallahi wannan zalunci ne tsantsa, yaro bai zaɓi sunansa ba, kuma malamin da ya faɗi haka ni a ganina shi ya kamata a kai wa likitan. Yanzu iyaye a can sun guje shi, sunan da ya yi na ɗaya ya faɗo ƙasa warwas cikin ƙasa da shekara 30.

Shi kuwa Caoimhín yana nan inda yake, bai taɓa tashe ba balle ya faɗi. Ba ya cikin jerin sunaye dubu da aka fi sa wa yara maza a Amurka, ko a Ayalan ɗin ma ba ya sahun gaba, can Jack ne ya daɗe yana jan ragama, sai 'yan shekarun nan sunayen gargajiya irin su Rían da Cillian da Oisín suka taso. Ta mace, Caoimhe, wadda ake faɗa Kwiba ko Kiba, ita kam ta samu karɓuwa fiye da na namijin nesa ba kusa ba. Saboda haka in ka ga iyaye sun sa wa ɗansu Caoimhín da cikakken rubutunsa har da ɗan karan nan a saman "i", sun san sarai zai sha gyara wa mutane har tsufansa, suka zaɓa duk da haka. Ni ina ganin girman wannan, shi ya sa nake jin ba daɗi in aka tauna sunan a rediyo.

Mu ma nan ba baƙonmu ba ne gaba ɗaya. Fadan cocin Katolika 'yan Ayalan sun daɗe suna aiki a Filato da Kaduna da sauran wurare, su suka baro mana su Patrick da Kevin a tsakanin 'yan uwanmu Kirista, bishop ɗin Sakkwato kafin Matthew Hassan Kukah ya hau a 2011 ma sunansa Kevin Aje, mutumin Filato. Ta ɗaya ɓangaren kuma ga Chiedozie Ogbene da aka haifa a Legas ya girma a Cork garin su Kelleher, ya fara buga wa Ayalan a 2021, ga Adam Idah shi ma ɗan Cork mai uba ɗan Najeriya. Masu sharhinsu na can dole ta sa suka zauna suka koyi faɗin Chiedozie, to mu Kwibin mai gaɓa biyu ne zai gagare mu?

Shawarata mai sauƙi ce Malam Edita. Wanda ke rubuta takardar shirin ya riƙa sa yadda ake faɗar baƙon suna da haruffan Hausa kusa da shi, a nan sai ya rubuta Kwibin Kelaha, mai karantawa ya wuce abinsa ba gargada. In ana shakka a shiga YouTube, 'yan wasan Firimiya da kansu suna faɗin sunayensu a bidiyo a farkon kaka, minti ɗaya ya isa. In da hali kuma ku ware ko minti biyar a shirin ranar Juma'a kuna kawo asalin sunan ɗan wasa ɗaya, na tabbata masu kiran waya za su so abin, ku fara da na Szoboszlai don shi ma yana shan wahala a hannunku.

Na gode, a huta lafiya.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Tudun Wada, Kaduna.