A ba tseren keken duwatsu gurbi a shafin wasanni

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ƙwallon ƙafa ta cinye shafinku na wasanni. Ina roƙon ku ba tseren keken duwatsu ɗan gurbi, ku kuma fara da Nino Schurter, ɗan ƙasar Suwizalan da aka haifa a 1986. Ya ci lambar tagulla a Olamfik ta Beijin a 2008, ta azurfa a Landan a 2012, inda Jaroslav Kulhavý, ɗan Jamhuriyar Czech, ya sha gabansa dab da layin ƙarshe, sannan ya ɗauki zinariya a Riyo a 2016. Sau 10 yana zama zakaran duniya tsakanin 2009 da 2022, kuma a 2017 duk tsere shida na Kofin Duniya shi ya lashe su.

Mai kallo yakan ɗauka ƙarfin cinya ne kawai. Ba haka ba ne. Tseren yakan ci kusan awa ɗaya da rabi, ana zagaya hanya mai kilomita 4 zuwa 6 cike da duwatsu da saiwoyi da gangare, kuma sau da yawa taya ce ke raba gardama. Tayoyinsu ba su da tub. Wani ruwa mai danƙo ake zubawa ciki, ya toshe ƙaramar huda da kansa. Iskar kuwa kaɗan ce, wajen fam 20 a ma'aunin iskar taya. In ta yi yawa, taya ta riƙa tsalle a kan dutse, ta sulɓe a kan jiƙaƙƙiyar saiwa. In ta yi kaɗan, rim ya daki dutse ya tsaga tayar, ko bakinta ya buɗe a kwana iska ta fice. Wanda hakan ya samu ba ya da mai taimako sai ya kai wurin da aka keɓe wa makanikai, ko da gudu da ƙafa ne yana tura keken. A can za a canza masa ƙafar keken, amma doka ta hana canza keken kansa.

Giya ma an sauƙaƙa ta: faranti mai haƙora da sarƙa ke hawa ɗaya ne a gaba, 12 a baya, don kada sarƙa ta zame a gargada. Abin da ya fi burge ni da Schurter shi ne atisayensa: ɗaga ƙarfe yana tsaye a kan katako mai lilo, don jiki ya saba riƙe daidaito bayan gajiya ta kama shi, lokacin da ake saurin faɗuwa.

Matasanmu da ke hawa keke a wurare masu duwatsu irin Filato za su ƙaru da irin wannan bayani, ko da sau ɗaya ne a wata.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Jos