Godiya ga garejin da ya hana ni sayen masta

Assalamu alaikum Oga, da kai da yaranka baki ɗaya.

Na san ba ka son a yabe ka a gabanka, shi ya sa na kawo maganar inda mutanen Bauchi za su gani. Ni ne mai Sharon ɗin nan da ke ɗauko dankalin turawa daga Jos zuwa kasuwar Muda Lawal, wanda ya shigo garejinku na bakin hanyar Jos jikinsa na rawa.

A ranar na sauko da lodi har baki. Wajen gangaren Tilden Fulani na taka birki, sai ƙafata ta tafi ƙasa kamar na taka soso. Na yi ta famfa ina sauke giya ina salati, Allah Ya kiyaye na samu gefen titi. Abin da ya ɗaure mini kai, bayan na zauna kamar rabin awa birkin ya dawo garau. Wani direba da ya tsaya taimako ya ce masta ce ta mutu, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, ni kuwa na zo muku da kuɗinta a aljihu.

Da ka karɓa ka saka sabuwa, wallahi godiya zan yi in tafi. Sai ka buɗe murfin tankin man birki, ka ɗigo shi a farar takarda, baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana. Ka tambaye ni yaushe rabona da canza shi. Na ce ai ƙari nake yi in ya yi ƙasa. Yaranka suka yi dariya, kuma ban ga laifinsu ba.

Shekara da shekaru ina tuƙi, ban taɓa jin bayanin da ka yi mini ba. Ashe man birki yana zuƙar danshi daga iska a hankali, balle da damina. Sabon man birki mai lamba DOT 4, irin wanda aka rubuta a murfin tankin man birkin motata, ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 a ma'aunin Salshiyas ko ma ya wuce, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. Mota mai nauyi a gangare, ƙafa a kan birki, zafin yana kaiwa ga man, sai ya tafasa ya yi tururi a cikin bututu. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake kai ƙarfin ƙafa har tayoyi. Tururi kuwa matsuwa yake yi, sai ka taka a banza. Da ya huce sai ya koma daidai, abin da ya faru da ni ke nan.

Aikin ma ya burge ni. A gabana aka fasa sabuwar kwalba, aka zubar da tsohon man taya bayan taya, yaronka na cikin mota yana famfa kana ce masa ya riƙe, har sai da mai tsabta ya fito babu kumfa. Ɗan abin da ya ɗiga a jikin mota nan take ka sa aka wanke da ruwa, ka ce yana cin fenti. Ka duba bututai babu yoyo, ka nuna mini cewa takalman birkin gaba sun sirance, kuma su ne suka sa man yake sauka a tanki, ba wai motar ke shanyewa ba. Ruwan omo da wasunmu ke zubawa a tankin birki in suna kan hanya ka ce tsatsa yake kawowa, man inji kuma kumbura robobi yake yi, sannan man birki mai lamba DOT 5 ba a gauraya shi da namu DOT 4.

Ƙorafina ɗaya ne, Oga: bencin baƙi yana rana, a samar masa rumfa.

Ranar canjin man da ka rubuta da alƙalamin maka a cikin bonet tana nan, in Allah Ya kai mu shekara biyu zan dawo a sake canzawa. Kafin nan, buhun dankali yana zuwa wa yara ranar Asabar, kada ka ce a mayar. Allah Ya ƙara buɗi, Ya albarkaci zuri'a.

Naka,
Mai Sharon na Muda Lawal