Kafin ka iso Japan

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Na ji daɗin labarin cewa bizarka ta karatu ta fito, Allah Ya sa albarka. Ka tambayi yadda zaman nan yake, to abu na farko: Japanawa ba kasafai suke faɗa wa mutum cewa ya yi kuskure ba. Murmushi za a yi maka, a sunkuya, sai bayan kwana uku ka tarar da takarda a ƙofarka. Shi ya sa gara ka san ƙa'ida tun kana gida.

A filin jirgi, Narita ne ko Haneda ko Kansai, za a ba ka katin zama, zairyu kado. Kada ka fita ko'ina ba shi a aljihu, ko da shagon bakin layi ne, don ɗan sanda na da ikon tambaya, kuma tarar tana iya kaiwa yen 200,000. Tun a filin jirgin ka nemi izinin aikin wucin gadi, su buga maka hatimi a bayan katin. Awa 28 a mako doka ta yarda wa ɗalibi, kuma jimillar duk wuraren da kake aiki ake lissafawa. Masu ƙetare wannan iyaka sukan ji jiki ranar sabunta biza.

Da ka samu masauki, kwana 14 gare ka ka je ofishin gunduma a rubuta adireshinka a bayan katin. A zama ɗaya ka shiga inshorar lafiya ta ƙasa, ta yadda a asibiti kashi 30 cikin 100 kawai za ka biya. Ka shaida musu ba ka samu kuɗin shiga a Japan bara ba, sai a rage maka abin da za ka riƙa biya. Asusu kuma, bankin gidan waya, Yucho, ya fi sauƙi ga sabon zuwa.

Haya ce ke cinye guzuri. Ban da kuɗin wata, akwai shikikin, ajiyar da ake cire kuɗin gyara a ciki ranar da ka tashi, da reikin, kuɗin godiya ga mai gida wanda ba ya dawowa har abada, ga la'adar dillali, ga kuɗin kamfanin da zai tsaya maka. Ka tanadi hayar wata huɗu zuwa biyar kafin ka riƙe makulli. Ɗakin kuma wayam za ka same shi, ba labule, ba firji, wani ma ba fitila. In makaranta ta ba ka ɗakin ɗalibai, karɓa kawai. Wutarsu kuma bolt 100 ce, dutsen gugarka na gida ba zai yi zafi ba, bar shi.

Yanzu ga inda baƙo yake ɓata sunansa: shara. Kowace gunduma da jadawalinta, za a ba ka shi a ofis, ka manna a jikin firji. Mai ƙonuwa, wato ragowar abinci da takardun da suka ɓaci, galibi sau biyu a mako. Gwangwani da kwalba da ranarsu. Gorar ruwa sai ka cire murfi, ka yage tambarin jikinta, ka ɗauraye, ka taka ta. Wasu garuruwa ma sai a ledarsu ta musamman, wadda ake saya a kanti. Da safe ake fitarwa, yawanci kafin ƙarfe takwas, ba da dare ba, saboda hankaki. Nasu manya ne, baƙaƙe wuluk, kafin gari ya waye sun yage ledar sun watsa ƙashin kaza a titi. Don haka ake rufe tulin da raga. In ka cakuɗa, masu kwasa za su liƙa wa ledarka takardar gargaɗi su bar ta a nan, kuma duk layin ya san ta wane ce. In katifa ko tebur za ka zubar sai ka kira ofis, ka sayi takardar biya a konbini, wato shagunan nan masu kwana a buɗe, ka manna, ka fitar ranar da aka sa maka.

Bangon ɗakuna siriri ne. Hirar waya da gida irin tamu, da dariya da "kai don Allah!", ƙarfe goma sha ɗaya na dare a nan, uku na rana ke nan a Kano, ita ce ke jawo ƙorafi. A jirgin ƙasa kuwa ba a amsa waya sam. In ka roƙi abu aka ja iska ta haƙora aka ce "chotto", wato ɗan kaɗan, ko "muzukashii", wato da wuya, an ce a'a ke nan. Kada ka nace, ba ciniki ba ne.

Abinci sai da karatun bayan leda. Haddace 豚, alade, da 酒, giya. Akwai mirin, giyar shinkafa mai zaƙi da ke shiga miya da yawa, sannan jelatin, sinadarin da sau da yawa daga alade ake samo shi, cikin alewa da yogot. Romon ramen, wato taliyarsu mai romo, sau da yawa na ƙashin alade ne ko da naman da ke sama kaza ce. Shagunan halal suna unguwar Shin-Okubo a Tokyo, kuma kantunan Gyomu Super kan sayar da daskararriyar kaza mai tambarin halal. Juma'a akwai masallacin Tokyo Camii a unguwar Yoyogi-Uehara, a Kobe kuma masallacin da aka gina tun 1935. Ka cika jaka da kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, amma kilishi kada ka soma, nama ba ya wuce kwastan.

In ka sayi keke ka yi masa rajista da sunanka, kuma kada ka hau wanda ka gani a yashe, sata ake ɗaukarsa. Watan Yuni ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, ka riƙa ɗaga shimfiɗa kana buɗe taga, in ba haka ba ƙasanta ya yi funfuna. Randa wayarka ta kama ihu ita kaɗai, sau da yawa gargaɗin girgizar ƙasa ne, ka shige ƙarƙashin tebur. 119 motar asibiti da 'yan kwana-kwana, 110 'yan sanda.

Ka turo mini ranar saukarka da lambar jirgi. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa Baba ina neman addu'a.

Naka har kullum.