Wasiƙa zuwa ga ɗana kan kuɗin darasin motsa jiki

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na yi murna da takardar shaidarka ta koci ta fito, har mutane sun fara tambayarka nawa kake karɓa. Kafin ka ba kowa amsa, ka zauna da biro da takarda, domin kuɗin da bakinka ya fara furtawa shi zai bi ka. Saukewa ba wuya, ɗagawa ce aiki.

Kada ka fara da leƙen abin da wani koci yake karɓa. Rubuta abin da kake buƙata a shekara na ci da sha da haya, ka ɗora kuɗin sana'a a kai: inshora, sabunta takardar shaida da ta agajin gaggawa, sufuri, kayan aikin da ke ƙarewa irin su robobin ja da tabarmi, sai haraji, wanda babu mai cire maka tunda kai ne ubangidan kanka. Jimillar sai ka raba ta da yawan darussan da za ka iya sayarwa da gaske.

A nan ne sababbin shiga suke tuntuɓe. Sai su lissafa awa 40 a mako, kamar ma'aikacin ofis. Alhali masu motsa jiki sassafe suke so kafin aiki, ko da yamma bayan an tashi. Da tsakar rana daga kai sai ƙarafa. Kuma darasin awa ɗaya yakan ci awa ɗaya da rabi idan ka haɗa da tsara atisayen mutum, rubuta nauyin da ya ɗaga, da amsa saƙonninsa. Mu ce darasi 25 kake samu a mako. Cire mako 6 na hutu da rashin lafiya, saura 46, ka ga darasi 1,150 ke nan. Idan aka fasa darasi ɗaya cikin goma, kana da 1,035. Da wannan za ka raba. Abin da ya fito shi ne ƙasan farashinka, ko sisi kada ka sauka daga nan. In gidan motsa jikin yana yankar kamasho, misali 30 cikin 100, to 70 ce taka: raba ƙasan farashin da 0.7 ka sami abin da kwastoma zai biya.

Yanzu ne za ka duba kasuwa. In naka ya fi na masu ƙwarewa irin taka nesa ba kusa ba, ka rage ɗawainiya ko ka sake tsarin aiki. In ya yi ƙasa, ka matsa sama.

Batun rangwame nake so ka fi natsuwa a kai, don na san halinka na jin nauyin mutane. In ka rage kashi 20, sai ka ƙara kashi 25 na darussa kafin ka dawo inda kake, kuma jikinka da muryarka ne za su biya. Araha ba ta ado, wanda ya zo don arha shi ne na farkon tafiya ranar da ya ga wadda ta fi taka. In za ka sayar da darasi 10 a dunƙule, ragin kada ya wuce kashi 10, a biya tun farko, kuma ka sa wa'adi, kamar wata uku. In babu wa'adi, mutum zai ɓace, ya dawo bayan shekara yana neman darasinsa a tsohon farashi. Kuɗin da aka biya ka a dunƙule kuwa ba naka ba ne tukuna. Ka ajiye shi gefe, kana cira darasi bayan darasi, saboda ranar da wani zai ce a mayar masa da saura.

Darasin rabin awa ba rabin kuɗi ba ne, tunda shirin da kake masa bai ragu ba. Ka sa wajen kashi 60. Mutum biyu tare, kowa ya biya kashi 60 zuwa 70, su sun sami sauƙi, kai awarka ta ƙara daraja. Zuwa gidan kwastoma kuma a biya lokacin hanya, zuwa da dawowa.

Ka rubuta ƙa'idar fasawa, kwastoma ya sa hannu kafin darasin farko: wanda bai sanar ba awa 24 kafin lokaci, darasin ya ƙone. Ka yafe sau ɗaya, ko in lalura ce ta gaske. Kai ma in ka fasa a makare, ka biya shi da darasi kyauta, sai ƙa'idar ta yi adalci.

Idan awowin safe da na yamma suka cika har kana juya mutane, lokacin ƙarin farashi ya yi. Fara da sababbi, tsofaffi ka ba su sanarwar wata guda a rubuce, ba tare da dogon ban haƙuri ba. Ƙarin kashi 10, ko mutum ɗaya cikin 11 ya tafi, kuɗinka bai ragu ba, ga awa ta buɗe.

Ka turo mini lissafin in duba kafin ka buga wa kowa farashi. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka