Edita, a riƙa leƙa makaɗan lungu ma, ba na fim kaɗai ba

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari, ya sauran jama'ar ofis. Ni tsohon mai karanta jaridar nan ne, tun lokacin da sai mutum ya je gindin bishiya wajen mai jarida ya karanta a tsaye har zuwa yanzu da muke dubawa a waya, kuma shafin nishaɗi ba ya taɓa wuce ni. To akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da shafin nan, yau dai na ce bari in rubuto ko Allah zai sa a duba.

Kullum idan na buɗe labarin ɗaya ne, wace jaruma ta yi aure, wane jarumi ya sayi mota, wane mawaƙi ya saki sabuwar waƙar biki. Ban ce a daina ba, jama'a na so, ni ma ina karantawa. Amma akwai wasu makaɗa da ba su da ubangida ba su da mai tallata su, masu kiɗan jita mai wuta da kiɗan na'ura, irin wanda Turawa ke kira rok da pank, suna ta fitar da sababbin albam shekara bayan shekara, wasunsu ma maƙwabtanmu ne na nan Nijar da muke cin kasuwa ɗaya muke auratayya da su, duniya ta san su ana rububin tikitin wasansu a Amurka da Turai, amma ban taɓa ganin ko layi biyu a kansu a jaridar Hausa ba. Wannan abu yana min ciwo wallahi.

Bari in faɗa maka yadda na san su. Wajajen 2009 zuwa 2012 ina da ɗan kes na cajin waya da tura waƙoƙi kusa da tasha a nan Sakkwato, kwamfuta ɗaya, ƙaramin janareta, da lasifika da nake ɗorawa kan benci. Wata rana da la'asar wani Buzu mai gadi ya zo da rawaninsa har hanci, ya miƙo min wata waya 'yar China mai layi biyu, ya ce memorinsa ya fara cin abubuwa, in kwashe masa in zuba a sabo. Da na buɗe sai na ga waƙoƙin ba suna ba hoto, lambobi ne kawai. Na danna ɗaya don in gwada, sai na ji gangar fiyano irin tamu ta waƙoƙin fim, muryar ma an bi ta da gyaran nan na kwamfuta mai sa ta rawa kamar na 'yan nanaye, amma yaren Tamashek ne, ga kuma jita tana bin muryar a hankali kamar mai lallashi. Na ce masa wane ne wannan, ya ce wani yaro ne na wajensu. Na roƙe shi na ajiye kwafi a wani folda da na sa wa suna Nijar, kuma ka san Allah, direbobin Illela da Ƙonni har tambaya suke a zuba masu na cikin foldan nan, daga nan kuma ta bulutut take yawo waya zuwa waya.

Sai bayan shekaru ɗan yayana ya nuna min wani bidiyo a YouTube, wani dogo da farin rawani yana kaɗa jita da hannun hagu, Turawa cike da fili suna ihu, ya ce Kawu ka san wannan, na ce a'a, ya ce sunansa Mdou Moctar. Da muka bi tsofaffin waƙoƙinsa sai ga muryar nan ta cikin foldana. Abin da ya ƙara kashe min jiki shi ne albam ɗinsa na farko mai suna Anar a nan Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, a garin nan namu, da salon sitidiyon Hausa. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, jitarsa ta farko da kansa ya harhaɗa da katako da wayar birkin keke saboda gidansu ba sa son harkar kiɗa. Wani Ba'amurke Christopher Kirkley mai ƙaramin kamfanin faifai Sahel Sounds a birnin Portland shi ya zo yankin Sahara yana tattara waƙoƙin cikin wayoyin mutane, irin dai aikin da muke yi a kes, ya fitar da su a faifai a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones, waƙar Mdou na ciki, daga nan ya nemo shi. Wato abin ya bi ta hannunmu ya wuce, mutum ya taso tun daga Amurka ya gane darajarsa, mu da abin ya faru a ƙofar gidanmu ko labari ba mu rubuta ba.

Yanzu in ka ji kiɗansa na baya-bayan nan ba za ka ce mutum ɗaya ba ne. Afrique Victime ya fito a 2021 a kamfanin Matador, sai Funeral for Justice a watan Mayun 2024, wannan kam wuta ce, ganga na gudu kamar doki ya ƙwace linzami, jita na kuka, kuma ba soyayya yake rerawa ba, magana yake kan zalunci, kan Faransa da yadda aka yi shekaru tun 1971 ana haƙar yuraniyom a Arlit ana haska wasu ƙasashe alhali ƙauyukan da ke kusa suna cikin duhu, da kuma kukan kada yarensu na Tamashek ya ɓace a bakin yara. Lokacin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 suna Amurka suna yawon wasa, aka rufe boda da sararin sama suka maƙale a can ba hanyar komawa gida, har sai da masoyansu suka yi masu karo-karo ta intanet. Mu nan mun san abin da rufe bodar nan ya yi mana, mun ga yadda kasuwar Illela ta mutu tsaye, mun san an yanke wa Nijar wutar da take samu daga Najeriya. To a cikin wannan zaman jiran ne suka shiga sitidiyo a New York suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jita marar wuta, a sanyaye, shi ne ya fito a Fabrairun 2025 da sunan Tears of Injustice. Ni na fi son wannan na biyun, in na sa shi da dare bayan isha'i sai in ji kamar mutum ne ke zaune kan tabarma yana kewar gida. Dan Allah Edita wannan bai isa labari ba?

Wani zai ce to ina ruwan wannan da pank. Da ruwansa. Shi pank ɗin nan da ya taso a New York da Landan wajajen 1976 asalinsa yaran talakawa ne da suka ce ba sai ka ƙware ba, ba sai babban kamfani ya ɗauke ka ba, ɗauki jita ka faɗi abin da ke cinka, ka buga faifanka da kanka ka sayar da hannunka. A Washington akwai ƙaramin kamfanin Dischord da Ian MacKaye da abokinsa suka kafa a 1980, ƙungiyarsa Fugazi ta yi shekaru tana tsayawa kan dala 5 kuɗin shiga wasa don kada talaka ya rasa. Mai kaɗa wa Mdou jitar bes, wato mai kaurin sautin nan, Mikey Coltun, daga cikin wannan zuri'ar ta Washington ya fito, kuma yakan yi doguwar tafiyar nan ta mota daga Yamai zuwa Agadas, sama da kilomita 900, don su yi atisaye su kuma yi wasa a gidajen biki. Ni a ganina ba abin mamaki ba ne da jininsu ya haɗu, don wanda ya saba jona lasifika da janareta a tsakiyar layi ya yi wa 'yan unguwa wasa, da wanda ya saba yi a ɗakin ƙasa na gidan abokinsa, duk kanwar ja ce.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai Etran de L'Aïr, ma'anar sunan taurarin Abzin, 'yan gida ɗaya ne a Agadas da suka fara tun 1995 suna kiɗan biki da suna, irin makaɗan da talaka ke iya ɗauka, sun fitar da albam mai suna Agadez a 2022 sai 100% Sahara Guitar a 2024, jita uku na bin juna kamar ana saƙa, ba ka iya zama in an sa. Kuma kowa ya san Hausa ce yaren kasuwa a Agadas, in wakilinku ya kira su ba ya buƙatar tafinta. A 2020 Sahel Sounds ta riƙa karɓar waƙoƙin da makaɗa suka ɗauka da waya suka tura ta WhatsApp, duk wata a saki na ƙungiya ɗaya a shafin sayar da waƙa na Bandcamp kuɗin kuma ya tafi wajen masu kiɗan, su Etran ne suka buɗe. Akwai 'yan matan Illighadad da Fatou Seidi Ghali ke ja, mace da jita daga ƙauye, akwai Tal National na Yamai da ke waƙa har da Hausa.

Ta ɓangaren kiɗan na'ura kuwa, wanda yaranmu ke ɗauka jiya aka fara, Mamman Sani ya ɗauki nasa da fiyanon lantarki a gidan rediyon Nijar tun 1978, dattawan can sun san sautin don an yi ta sa shi a tsakanin shirye-shirye, sai a 2013 aka sake buga shi a faifai matasan Turai suka yi ca a kai. Bayansa ga Hama na Yamai da albam ɗinsa Houmeissa na 2019, tsofaffin karin kiɗan makiyaya da na biki ya zuba a kwamfuta. In kuma ana son a ji inda abin ya kai maƙura a Afirka, sai a leƙa Kampala wajen Nyege Nyege Tapes, su suka fitar da Duma a 2020, samari biyu daga Nairobi, ihu da gangar na'ura kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. Gaskiya ni wannan ya fi ƙarfin kunnena, na saurara sau biyu na ajiye, amma ɗan yayan nan nawa har yau yana ji, kuma na yarda duk wanda ya yi shi ba don neman kuɗin liƙi ya yi ba.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, wai kiɗan Turawa ne, kiɗan 'yan shaye-shaye ne, me ya kai jaridar mutunci can. Ina girmama mai wannan ra'ayi, kuma wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya saboda addini ban da ja da shi. Amma tunda dai shafin nan yana kawo labarin mawaƙa, to a yi adalci. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa ɗan ƙwadago da karen mota waƙa, ba mu ce masa ɗan iska ba, mun ce mai hikima ne. Jitar Abzinawa in ka kasa kunne da kyau za ka ji molo da gurmi a cikinta, wuta kawai aka jona mata. Kuma mutumin da ke tsaye da rawani a gaban dubban Turawa yana gaya masu abin da ƙasashensu suka yi wa Afirka ido da ido, ni ban ga abin kunya a nan ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne namu yaran. A unguwarmu akwai wasu samari uku da ke haɗuwa a shagon wani mai gyaran rediyo bayan magariba, ɗaya da tsohuwar jita da aka ɗaure wuyanta da waya, ɗaya da kwamfutar da batirinta ya mutu sai an jona, na ukun yana buga bokiti da jarka kafin su samu ganga. Na tsaya na ji su ran nan, waƙa suke kan tsadar mai da ɗan'uwansu da ya tafi ci-rani Libiya shekara uku ba labari, da Hausa tsantsa, muryar mai rerawar har rawa take. Sun je wani sitidiyo aka ce masu wannan ba ya sayuwa, su kawo ta soyayya ko ta siyasa a sa masu fiyano. Sun zo gidan rediyo aka nemi kuɗin da ba su da shi. Yanzu a WhatsApp kawai suke tura wa abokai, kamar dai yadda waccan ta zo min a memorin mai gadi.

Don haka roƙona Malam Edita, ko kwata ɗin shafi ne sau ɗaya a wata, a ware wa irin waɗannan. A faɗa mana wa ya fitar da sabon abu, daga wane gari, me yake cewa a ciki, a ina za a ji, in da hali a fassara mana baiti biyu daga Tamashek ko Zabarmanci. A buɗe lambar da yara za su riƙa turo abin da suka ɗauka, wanda ya yi kyau a yaba, wanda bai nuna ba a gaya masa gaskiya ya koma ya gyara. Sannan ku turo wakilinku na Sakkwato ya bi sawun sitidiyon da aka ɗauki Anar a 2008, ya zauna da wanda ya haɗa kiɗan ya ji daga bakinsa. Tsohuwar kwamfutar kes ɗina tana nan a ɗaki na lulluɓe ta da buhu, foldan Nijar na ciki, in ya zo zan kunna masa, in kuma ya kai magariba sai in raka shi shagon mai gyaran rediyo ya ji yaran da kunnensa.

Na gode, Allah ya ƙara basira, a gaida ma'aikata.

Naku,
mai karatu daga Sakkwato